Daga baki zuwa allo: nazarin wata makarantar firamare mai harshe biyu a Tawa

Makarantar da wannan nazari ya shafa tana bakin garin Tawa da ke Jamhuriyar Nijar, a ɗaya daga cikin unguwannin da suka taso saboda ƙaruwar jama'a, inda gidajen ƙasa ke cakuɗe da na siminti waɗanda ƴan ci-rani suka gina da abin da suka samo a Abijan ko Libiya. Makaranta ce ta gwamnati mai azuzuwa shida daga shekara ta farko zuwa ta shida, wato CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, wasu na gini wasu na zana, kuma tana cikin makarantun da ake koyarwa da Hausa da Faransanci. An sakaya sunanta da na malamanta, domin halin da aka tarar a cikinta ana samun irinsa a wurare da dama, kuma malaman sun buɗe ƙofofin azuzuwansu ne bisa amana.

Lamarin ya bayyana ne a ajin CE1, wato shekara ta uku, lokacin wata ziyarar aiki irin wadda masu ba malamai shawara ke kaiwa makarantu. Malamin ajin ya rubuta sakin layi guda na Hausa a babban allo, ya nuna da sanda, yara suka karanta shi baki ɗaya da murya mai ƙarfi, ba tuntuɓe ba gargada, har wanda ke tsaye a waje zai rantse cewa karatu ya zauna. Amma da aka kira su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na uku, sai mafi yawansu suka koma farkon rubutun suna rera shi daga sama har su iso wurin. Da aka share allon aka sake rubuta kalmomin nan dai a wani jeri dabam, sai aji ya yi tsit. An gwada da Faransanci, abin ya ma fi muni, domin a can ko ma'anar abin da suke rerawa ba su sani ba. Hadda yaran suka yi, alhali sun haura shekara biyu a makarantar da aka ce da harshensu ake koyar da su.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, aka fara koyarwa da Hausa, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda malamai ke kira LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a hukumance, cibiyar INDRAP da ke Yamai kuma ta daɗe tana shirya littattafan makaranta. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da wannan dogon tarihi, binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙoƙarin ɗaliban firamare a wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin karatun da ake buƙata ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. Saboda haka tambayar da ta dace a wannan makaranta ta Tawa ita ce: tsakanin buga ƙararrawar safe da tashin yamma, me yaro ke yi da harshensa?

Yadda yini yake kafin a taɓa komai

Yara suna isowa kafin ƙarfe 8, da yawansu sun riga sun yi karatun asuba a makarantar allo. A yi shara, a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi layi a shiga aji. Daga nan murya ɗaya ce ke aiki, ta malam, sauran kuwa amshi suke yi. Malam ya faɗa, yara su maimaita. Malam ya rubuta, yara su kwafa a ƴan allunansu da ake kira ardwaz, su ɗaga a gani, su share. Idan mutum ya zauna a bayan aji ya zuba wa yaro ɗaya ido tun safe har tashi, zai ga cewa yaron zai iya wuni bai furta jimla ko ɗaya ta ƙashin kansa ba. Littattafan karatun Hausa ƴan kaɗan ne, kuma suna kulle a kabad ɗin darakta, domin yana tsoron su yage a tambaye shi lissafinsu.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne bambancin da ke tsakanin aji da filin makaranta. Da an fita hutun tsakiyar safiya, yaran nan da suka zama kamar kurame sai bakinsu ya buɗe: suna ciniki da masu ƙosai da awara, maza suna gardamar wanda ya faɗi a langa, mata suna gaɗa suna ƙirƙirar baiti nan take don tsokanar juna, ana faɗa ana sulhu, ana kawo hujja ana karya ta. Duk abin da ake nema a darasin harshe yana nan, amma ƙofar aji ta hana shi shiga. An daina rataya wa yaro alamar horo don ya yi Hausa, irin wadda iyayensu suka sha a zamaninsu, sai dai a manyan azuzuwa tsawa ta maye gurbinta, ƙananan kuma suna ji suna gani.

Su ma malaman ba a ɗora musu laifin duka ba. Mafi yawansu ƴan kwantaragi ne, da Faransanci aka koyar da su, da shi aka jarraba su, kuma babu wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu yadda ake rubuta harshen da suka sha a nono. Saboda haka ake ganin "tchi" a allo a maimakon "ci", da "kouka" a maimakon "kuka", baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, yau a sa su gobe a manta. Yaron da ya ga kalma ɗaya da fuska biyu a mako ɗaya ba zai yarda cewa rubutu yana da doka ba, don haka zai koma ga abin da ya iya tun a makarantar allo, wato riƙewa da ka.

Labarin safiya

A taron malamai da ya biyo bayan ziyarar, an yarda cewa ba za a jira kuɗi ko sababbin littattafai ba, yinin kansa za a sake wa tsari. Malamar CI, wadda ta fito daga makarantar horon malamai ta Kaocen da ke nan Tawa kuma ta fi kowa sanin ƙa'idojin rubutun Hausa, ta karɓi nauyin zama da abokan aikinta bayan tashi don daidaita rubutunsu. Ita ce kuma ta kawo shawarar da ta zama ginshiƙin aikin gaba ɗaya, abin da aka sa wa suna labarin safiya.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Minti goma sha biyar na farko a ƙananan azuzuwa na yara ne. Kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin abin da ya gani ko ya ji tun jiya, sannan a kira ɗaya ya tashi ya faɗa wa aji. Malama ta ɗauki jimla ɗaya ko biyu daga bakinsa ta rubuta a allo yana kallo, tana furta kowace gaɓa yayin da alli ke tafiya: akuyarmu ta haihu, babana ya kira daga Abijan, an kawo albasa daga Galmi. Daga nan aji ya karanta, a nemo kalmomin da suka fara da baƙi iri ɗaya, a rufe wata kalma da hannu a tambayi wadda ta ɓace, a juya jimlar ta koma tambaya. Amfaninsa biyu ne, kuma dukansu sun taɓa ainihin cutar da aka gano. Na farko, rubutun sabo ne kowace safiya, babu mai iya haddace shi tun jiya, dole ido ya yi aiki. Na biyu, yaro yana ganin maganarsa ta zama baƙaƙe a gabansa, sai ya gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye, kuma wannan ganewa ita ce ƙofar karatu.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Ƴan maza masu baki suka mamaye filin, ƴan mata da dama kuwa in an kira su sai su rufe fuska da mayafi, saboda a gida an koya musu cewa yarinya ba ta ɗaga murya gaban manya. Sai aka daina tambayar wanda yake so, aka koma bin benci-benci, aka kuma yarda yarinya ta faɗi labarin ƙawarta maimakon nata, wanda ya fi mata sauƙi. An samu ranar da wani yaro ya kawo labarin rigimar cikin gidansu, dole aka kafa ƙa'ida cewa abin da ya faru a ɗaki ba ya zuwa allo.

Ba a daɗe ba wata matsala ta taso wadda ba a yi tsammani ba. Yaran nan Adarawa ne, Adaranci suke yi. Yaro zai ce sai munka tahi gona, malama ta rubuta sai muka tafi gona. Ya ce shina zuwa, ta rubuta yana zuwa. Ya ce biyat, ta rubuta biyar. Da yaran suka fara gane baƙaƙe, sai suka fara ƙorafin cewa ba abin da suka faɗa ke nan ba, wannan ƙorafi kuwa shi ne shaidar farko cewa sun fara karatu na gaskiya. Malamai suka rabu biyu. Wasu suka ce a rubuta yadda yaro ya faɗa, tunda an ce da harshensa za a koyar da shi. Wasu suka ce littattafan da za su karanta gaba, da duk abin da ake bugawa, da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, in an saba musu da wani abu dabam an cuce su.

Matsayar da aka cim ma ita ce, a ganina, mafi hikima a duk aikin. Ana rubuta daidaitacciyar Hausa, amma ba a taɓa ce wa yaro ya yi kuskure. Game da baƙin f, an gaya musu cewa shi ne wanda mu nan muke furtawa hw ko h, saboda haka wanda ya ga "fara" ya karanta "hwara", ko ya ga "lafiya" ya karanta "lahiya", ya karanta daidai, ba a tsayar da shi. Inda kalmar ce ta bambanta, an ware kusurwar allo mai gida biyu, bakin gida da bakin littafi, yara da kansu suke cika ta in sun ci karo da sabon misali. Da an bi ta hanyar gyara da tsawa, da an sake rufe bakin da aka sha wahalar buɗewa, domin yaron da aka ce Hausar uwarsa ba daidai ba ce ba zai ƙara ɗaga hannu ba.

Tsofaffi, zare da allura

Labarin safiya yana ba da jimla biyu a yini, karatu kuwa yana son abin karantawa mai yawa. Darakta ya yarda ya buɗe kabad, aka raba littattafan benci-benci, amma ba su isa ba, kuma cikin ƴan watanni yara sun haddace su. Nan ne ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta shigo. An roƙi tsofaffin unguwa su riƙa zuwa sau ɗaya a mako su yi wa yara tatsuniya. Tsohuwar farko da aka tunkara ta ƙi, ta ce wa malama: "Ɗiyata, wa ya taɓa yin gatana da rana? Mai yi ɓata yake." Ba a yi mata gardama ba. An mayar da zaman bayan la'asar, dab da tashi, waɗanda hankalinsu bai kwanta ba kuma aka ce su kawo kacici-kacici da karin magana da labarin yadda unguwar take kafin a gina ta.

Abin da ke biyo bayan zaman shi ne aikin harshe na sosai. Washegari ƴan CE2 su sake ba da tatsuniyar da baki, a yi gardama kan abin da ya riga wani faruwa, ko Gizo ne ya fara magana ko Ƙoƙi, sannan a rarraba su ƙungiya-ƙungiya kowace ta rubuta kashi ɗaya. Malam ya duba, a gyara, a kwafe da kyau a farar takarda, masu hannun zane su yi hotuna, iyaye mata su ɗinke da zare da allura, a yi bango da kwalin sabulu ko na taliya. Kowane ɗan littafi yana ɗauke da sunayen waɗanda suka rubuta shi da na tsohuwar da ta ba da shi. Ana ajiye su a akwatin ƙarfe, ƴan CP da CE1 suna ara. Na ga yaro yana karanta wa kakarsa tatsuniyar da ita ta bayar, tana tsayar da shi tana cewa ya tsallake wuri, shi kuma yana nuna mata layin da yatsa yana cewa ga shi nan an rubuta. Babu darasin da zai koya wa yaro darajar rubutu kamar wannan musu.

Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa da karya-harshe aka kama su. A yi ta maimaita zancen kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto har dariya ta cika aji, sannan a ce kowa ya rubuta a ardwaz, a ga wanda ya bambanta k da ƙ. Shibta ta minti biyar ta zama al'adar kowace rana bayan hutu.

Har darasin lissafi ya amfana, ta wata hanya da ta cancanci a ambata. Yaron Tawa da dala yake ƙirga kuɗi: abin da littafin Faransanci ya kira faran 25 shi dala biyar ya sani, faran 100 dala ashirin, faran 1000 kuma jaka guda. Yarinyar da ke talla tana ba da canji ba ta kuskure, amma a aji ana ɗaukarta marar ƙoƙari, saboda lambar da ke rubuce a jikin kuɗin ba ita ce ke bakinta ba. Da malamin CE1 ya kafa ƴar kasuwa a aji, ya sa ana ciniki da Hausa ana rubuta lambar da ke jikin kuɗin, sai yaran suka gano da kansu cewa ninkawa da biyar ake yi, waɗanda ake ganin su ne na baya suka zama masu koya wa wasu.

Abin da iyaye suka ce

Ba kowa ya yi murna ba. A taron kwamitin kula da makaranta wani uba, wanda ya daɗe yana ci-rani, ya miƙe ya ce wa darakta: "Mushe, Hausa ai muna da ita gida. Lakwal muka kawo su don su ji nasaranci." Kuskure ne babba a ɗauki wannan magana a matsayin jahilci. Mutumin nan ya san cewa da Faransanci ake karatu a kwaleji, da shi ake cika takardun neman aiki, kuma ya san wulaƙancin da marar jin sa ke sha a kan iyaka da ofisoshin ƙasashen bakin teku. Tsoronsa shi ne a yi wa ɗan talaka makarantar talaka, alhali masu hali suna kai nasu makarantun kuɗi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk mai kare koyarwa da harshen gida da bai amsa shi ba bai gama aikinsa ba.

Darakta bai amsa da dogon jawabi ba. Ya gayyaci iyaye wata rana, ya ce kowa ya zo da abin da yake so a karanta masa. Wani ya miƙa wayarsa da saƙon Hausa da ɗan'uwansa ya turo, ɗan CP ya karanta masa, duk da cewa mai saƙon ya rubuta shi da salon Faransanci har yaron ya yi ta tsayawa. Wata ta kawo kwalin magani, ƴar CE2 ta karanta Faransancin da ke jiki a hankali, ta gaya mata da Hausa sau nawa ake sha a yini. Wannan bai kawar da shakkar kowa ba, akwai ma wanda ya cire ɗansa ya kai wata makaranta, amma ƙorafin ya sauya kama: maimakon a daina Hausa, sai iyaye suka koma tambayar yaushe Faransancin zai yi ƙarfi.

Akwai kuma yaran da Hausar ma ba ita ce harshen gidansu ba, ƴaƴan masu jin Tamajak da suka sauko daga wajen Abalak da Cintabaraden, da ƴaƴan Fulani. Waɗanda aka haifa a gari suna jin Hausa kamar kowa, amma sababbin zuwa suna shiga halin da ƴaƴan Hausawa ke shiga a ajin Faransanci zalla. An zaunar da kowane kusa da mai jin harsunan biyu, an bar su su ba da labarin safiya da harshensu a fassara, wani yaro ma ya rubuta sunansa da Tifinag, wato baƙaƙen rubutun masu jin Tamajak, a allo aji ya yi ta mamaki. Wannan sassauci ne kawai, makarantar ba ta da malamin da zai koyar da su karatu da harshensu.

Mashigin Faransanci

Tambayar iyaye ita ce ta kai mu wurin da aikin ya fi rauni. A tsarin harshe biyu, Hausa ce ke ɗauke da koyarwa a shekarun farko, Faransanci yana shigowa da baki kafin rubutu, sannan ya karɓi ragama a manyan azuzuwa. Abin da ke ƙetarawa daga wannan harshe zuwa wancan ba tare da wahala ba shi ne sanin cewa baƙi yana wakiltar sauti, da iya haɗa gaɓoɓi, da bin layi daga hagu zuwa dama. Akwai baƙaƙen da ke sauya murya, irin su c da u da e da j, da kuma sh da ke komawa ch, ga baƙaƙen ƙarshen kalma da Faransanci ke rubutawa ba ya furtawa. Waɗannan an yi musu jadawali a bango, cikin ƴan makonni yara suka saba. Abin da ba ya ƙetarawa shi ne kalmomi. Yaro zai iya furta shafi guda na Faransanci daidai bai fahimci komai ba, wato cutar farko ta dawo da sabuwar riga.

Maganin da aka gwada shi ne a ba Faransancin baka haƙƙinsa tun daga ƙananan azuzuwa, a fitar da shi daga gaisuwa da waƙoƙin hadda zuwa aiki: umarnin wasa a fili, sunayen kayan aji, bayanin hoto, sake ba da labarin safiya cikin jimla ɗaya. A CE2 da CM1 kuma aka raba darasin kimiyya da na tarihi gida biyu. A fara da Hausa har yara su iya bayyana abin da bakinsu, misali yadda ruwa ke tashi sama ya dawo, ko dalilin da ya sa ake jera duwatsu a gangaren gonakin Adar don tare zaizayar ƙasa, sannan a rufe wannan kashi a sake gina shi da Faransanci, ana rubuta sababbin kalmomi. An hana fassara jimla bayan jimla, domin an lura cewa in yara sun san fassara na tafe, sai su toshe kunne har ta iso. Malaman CM ba su karɓi tsarin da zuciya ɗaya ba. Suna ganin manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kuma da sakamakon Faransanci za a auna su. Ɗaya daga cikinsu ya ci gaba da koyarwa yadda ya saba, ba a kuma tilasta masa ba.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Azuzuwan zana ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, don haka ƙananan yara, waɗanda aka fi zubawa a cikinsu, suna rasa makonnin farko na shekarar da ke farawa a Oktoba. Ba a iya liƙa jadawali a jikin zana, iskar hunturu tana cika ardwaz da ƙura, ruwan farko kuma yana tashin aji tun kafin hutu. Bayan gobarar da ta hallaka yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021, babu malamin da ke shiga cikinsu da kwanciyar hankali. Makarantar ta yanke shawarar mayar da CI da CP ɗakunan gini, manya su koma zana, bisa hujjar cewa mai koyon baƙaƙe ya fi kowa buƙatar bango.

Inda aka tsaya

A ƙarshen shekara an maimaita gwajin farko: jimlar da yara ba su taɓa gani ba, a kira su ɗai-ɗai, a nuna kalma a tsakiya. A CP da CE1 mafi yawansu sun karanta, wasu da sauri wasu suna haɗa gaɓoɓi a hankali, kuma sun iya faɗin abin da jimlar ke nufi. Waɗanda suka kasa galibi su ne masu yawan fashi, ƴan talla da waɗanda ake ɗauka aikin gona ko kiwo. A CE2 rubutun Hausa ya inganta ƙwarai, Faransancin baka ya ɗan motsa. A CM kuwa ba a ga wani sauyi da za a dogara da shi ba, kuma ba za a san gaskiyar tsarin ba sai yaran da suka fara da labarin safiya sun kai can.

Ko za su kai da tsarin a raye, wannan ya rataya ne a kan abubuwan da ba a hannun makarantar suke ba. Farar takarda daga aljihun malamai da kwamitin iyaye take fitowa. Littattafan akwati sun fara yagewa, kuma tatsuniya kaɗai ba ta isa ba. Ƴan CE2 suna buƙatar rubutu kan jikin mutum da ƙasa da tarihi cikin Hausa mai kyau, irin wanda sai an buga shi. Babbar damuwa ita ce sauyin wurin aiki. A lokacin hutu aka mayar da malamar CI wata makaranta, aka turo wani matashi mai ƙwazo daga yammacin ƙasar, wanda Zabarmanci ne harshensa, Hausarsa kuma ba ta wuce ta ciniki ba. Darakta ya ba shi CM1, ya sauko da malamin CE1 zuwa CI, ya kuma rubuta wa masu duba makarantu yana roƙon a riƙa la'akari da harshen malami kafin a tura shi makaranta mai harshe biyu. Malamin CE1 ya karɓi littafin da malamar ta bari, wanda ta tara jimlolin labarin safiya na shekara guda a ciki, yana zama da sabon malamin bayan tashi suna bitar ƙa'idojin rubutu, amsar wasiƙar darakta kuwa ba ta iso ba tukuna.